Tsawon Hanjin Malam Iro

Da sunan Allah da ya halicci ciki, ya kuma san abin da ya naɗe a cikinsa.

Ni ne Sule na Ƙofar Jatau, tsohon mai gyaran keke. Bokona aji huɗu ne na firamare, sai ɗan abin da na tsinta a jikin kwalin taya. Duk wanda ya ga rubutuna ya karkace, ya taimaka ya miƙe shi da kansa. Na zauna na rubuta wannan ne saboda mutumin da zai raka ɗan'uwansa asibiti, likita ya ɗago kai ya ce masa "tun yaushe?" Ina so ya san tambayar nan tana da haƙora.

Wanda na yi jinya shi ne Malam Iro, mai ɗinkin manyan riguna a Ƙofar Galadima. Ɗan kawuna ne, wato taubashina. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, don haka tun muna yawo ba wando yake kirana Bawa. Ni kuma Ubangida nake ce masa in ina neman wani abu a hannunsa, in ba na nema in ce Tulu. Tulun kuwa saboda cikinsa ne. Mutum ne siriri kamar karan dawa, amma da ciki a gaba, sai ka rantse wani ne ya ba shi ajiya.

Abin ya tsananta ne bayan daminar bara. Sai ya yi kwana da kwanaki bai kewaya ba, cikin ya yi tauri, iska ta riƙa kai-kawo a ciki kana jin ƙararta daga bakin zaure. Alwala ta daina zama a jikinsa. Mutumin da ya shekara arba'in a sahun farko, bayan liman, sai ga shi ya koma ƙarshen sahun baya, kusa da takalma, inda zai iya sulalewa ba a gani ba. Ni na gani. Na kuma gaya wa kowa, don aikin taubashi ke nan.

Makon farko na 'yan'uwa ne. Wannan ya kawo ganyen filasko, wancan ya ce tsamiya da kanwa, wata ta aiko da man shanu a kwalba ta ce a sha da ɗumi. Wani maƙwabci ya ja ni gefe ya ce akwai wani alhaji da Iro ya riƙe wa riga har salla ta wuce, a bincika can. Iro ya sha duk abin da aka miƙo masa. Filaskon ya yi aiki kwana ɗaya, har matarsa Laure ta yi guɗa a tsakar gida, kashegari kuma ƙofa ta sake rufewa.

'Yarsa Hafsatu, mai aiki a Kaduna, ita ta buga waya ta ce a bar shan ganyen nan. Ashe tun shekarar da ta wuce ta sai masa inshorar lafiya, ana cire mata a albashi. Katin yana nan a cikin hularsa, ya sha zufa har hotonsa ya koma kamar na kakansa.

Muka tafi wani babban asibiti a bayan ganuwa. Ba zan faɗi sunansa ba, don har yanzu ina da ciki, kuma wata rana zan iya bukatarsu. Layin kati daban, layin awon jini daban, layin ganin likita kuma mutum zai iya yin aboki a cikinsa har su ɓata. A mako na biyu aka yi masa hoto. Sun ɗura masa wani farin ruwa ta ƙasa, ya fito yana tafiya kamar wanda ya hau jaki daga Kano.

Na ce, "Ubangida, yau an yi maka farar ƙasa ta ciki, saura daɓe."

Ya ce, "Bawa, Allah ya kai ni ranar taka."

Likitan yaro ne, bai fi sa'an Hafsatu ba, mai ladabi, Allah ya saka masa. Ya ɗaga hoton a gaban fitila ya nuna mana babban hanjin Iro. Ya ce ya fi na mutane tsawo, ya rasa wurin kwanciya, shi ya sa ya yi lanƙwasa a kan lanƙwasa. Ni nan take na gane, don sana'ata ce. Ka ɗauki tiyub na babban keke ka cusa a tayar ƙaramin keke. Zai shiga, har ma ya sha iska. Amma yana naɗe a ciki, kuma ranar da ya ga dama zai matse kansa ya fashe. Likita ya yi dariya ya ce haka ne, Baba. Ya ce yadda abin yake yawan toshewa, gara a yi tiyata a rage shi cikin natsuwa, tun bai murɗe ba. In ya murɗe, jini ya daina zuwa, wannan kuma tsere ne da mutuwa.

Sai ya ɗauki biro. Ya ce, "Baba, tun yaushe kake fama da wannan?"

Iro ya ce, "To, bara dai, bayan..."

Na taka masa ƙafa.

A nan sai na yi bayani saboda yaran yanzu. Mu a cikin ganuwa, ba a roƙo da sabon abu. In za ka je gaban mai unguwa, ko gaban wani mai hali, ba ka cewa jiya rufin ɗakinka ya fara yoyo. Cewa kake yi damina bakwai kana kwana a zaune. Ciwon jiya ba ya ba kowa tausayi, sai a ce ka ba shi kwana biyu. Ciwon da ya tsufa shi ake tashi tsaye a kansa. Haka muka ga iyayenmu suna yi, kuma mai rakiya aikinsa ke nan, ya faɗi abin da mai ciwo yake jin kunyar faɗa, ya ɗan ƙara masa tsawo.

Na ce, "Wace bara? Likita, rabu da shi, kunya ce. Wannan tun yana zanen goyo haka yake. Mu da muka tashi tare mun sani. In muka je bayan ganuwa mu yara, mu gama mu dawo, shi yana can tsugune har rana ta juya. Shekara sittin da wani abu bawan Allah yana wahala."

Likita ya dubi Iro. Iro ya sunkuyar da kai, irin na wanda aka yi wa gata. Likita ya rubuta. Muka fito ina cewa, "Ka ga amfanin bawa? Da kai kaɗai ne da sun ce ka dawo bayan salla."

A mako na uku aka tura mu ofishin fayil, inda ake neman amincewar masu inshora kafin a sa ranar tiyata. Wata malama ce a bayan taga, da kwamfuta a gabanta da ƙullin gyaɗa a gefe. A wurinta na koyi karatun da ban samu a aji huɗu ba. Ashe kowace cuta a duniya tana da lamba, kamar mota. Likita yana rubuta labari, su kuma su mai da labarin lamba, lambar ce take tafiya wurin masu inshora. Can babu wanda ya taɓa ganin Iro ko tulunsa. Lamba suke gani.

Ta ce, "Sun ƙi."

Na ce, "Sun ƙi me, Malama?"

"Lambarsa da Q ta fara. Q na abin da aka haifi mutum da shi ne. Tsarinku ba ya biyan wannan." Ta juyo mana da fuskar kwamfutar kamar za mu iya karantawa. "Ga shi likita ya rubuta, tun yana jariri, in ji ɗan'uwansa."

Iro ya juyo a hankali ya dube ni. Ni kuma na dubi Q ɗin. Harafin da ko a boko ɗin da aka koya mana babu shi, wani ƙwai da wutsiya, shi ne ya tare mana hanya.

Muka tambayi kuɗin tiyatar in mutum zai biya da kansa. Da ta faɗa, Iro ya nemi benci. Ko ya sai da keken ɗinkin Laure da zarensa da allurarsa, bai kama ƙafarsa ba. Gidansu kuma gidan gado ne, magadansa sun isa cika masallaci, ba a sai da ko bulo ɗaya sai an yi shekara ana shari'a.

Hafsatu ta zo daga Kaduna a ƙarshen mako. Ba ta zage ni ba, tarbiyya ta hana. Cewa kawai ta yi, "Baba Sule, sannu da ƙoƙari." Na gwammace ta mare ni. Ta ce mafita ɗaya ce, a koma wurin likita da wani babba wanda ya san yarintar mahaifinta, ya shaida cewa lafiyarsa lau ya tashi, a gyara rubutun.

Babba ɗaya ya rage mana, Inna Dije, ƙanwar mahaifiyata, ƙanwar mahaifin Iro kuma. Ita ta yi wa uwarsa wankan jego da aka haife shi. Ta tsufa har ta ƙanƙance, amma kunnenta da bakinta garau. Muka zaunar da ita muka karanta mata karatu, ni da Hafsatu. Ciwon sabo ne, Inna. Bara ya fara. Ta ce ta ji. Muka maimaita. Ta ce, "Ni kuke koya wa magana? Na roƙi hakimi tun ba a haife ku ba."

Aka ɗauko ta a keke mai ƙafa uku. Da muka shiga, ta dubi likita sama da ƙasa, ta gyara lulluɓi, ta fara.

"Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka. Yaran nan sun ce in ce maka bara ne. Kada ka biye musu, ba su san yadda ake neman alfarma ba. Wannan yaron," ta nuna Iro mai furfura, "kwanansa uku a duniya bai yi kashin farko ba. Ni da hannuna na sa masa sabulu. Ka ji tausayin maraya. Wallahi tun ranar suna yake fama."

Hafsatu ta ce, "Gwaggo!"

"Yi min shiru. Wa ya taɓa zuwa roƙo da ciwon bara?"

Ko an yi zancen sabulun, ko ba a yi ba, Allah kaɗai ya sani. Ni dai na san Iro yana yaro yana cin ɗanwake kwano biyu ya yi tsalle. Likita ya ajiye biro ya ce shi ba zai iya goge abin da shaidu biyu suka faɗa ba, ɗaya ma da rantsuwa, kuma dama dogon hanji yawanci can ake ajiye shi. Ya ce zai rubuta wa masu inshora takardar roƙo. Ya rubuta kuwa, har sau biyu, ban manta masa ba. Sannan ya ja kunnenmu. In cikin ya kumbura ya yi tauri, iska ta daina fita, amai ya zo, kada mu tsaya neman hula, mu taho.

A hanyar dawowa Inna Dije ta ce, "Kun ga yadda jikin likitan ya yi sanyi? Haka ake yi."

Amsar roƙon ta dawo a mako na biyar, sun sake ƙi. A ranar ce malamar taga, tana ɓare gyaɗa, ta faɗi maganar da ta kashe taubashina, ba kuma da mugun nufi ba. Ta ce, "Ai da murɗewa ya yi, da ba a yi wannan wahalar ba. Murɗewa K ce. K gaggawa ce, sabon abu ne, suna biya har gado."

Iro ya ce, "Malama, maimaita."

Ta maimaita.

Daga ranar gidan Malam Iro ya koma gidan mai tsohon ciki. Ba wanda ya fito ya ce ana jira, amma ana jira. Masu dubiya su shigo su zauna su ce, "Ya jiki?" sannan su saci kallon cikin su ce, "Har yanzu dai shiru?" Laure ta riƙa kwana da mayafi a kusa. Ni kuma kullum da safe in leƙa in ce, "Ubangida, ko in kira ungozoma?" Ya ce, "Kira uwarka." Uwata gwaggonsa ce, don haka zagin a gida ya tsaya. Ɗinki ya gagare shi, don mai aikin allura a zaune yake wuni, a naɗe, shi kuwa ba ya iya naɗuwa. Wata riga mai aska takwas ta yi wata biyu a rataye da rabin wuya, mai ita ya zo ya karɓe ta haka nan ya kai wa wani.

Wata Laraba cikin ya tashi, ya yi tauri, Iro yana nishi. Muka kwashe shi a guje, har maƙwabta suna fitowa suna cewa Allah ya sauke lafiya. A asibiti wata nas ta sa masa roba ta ƙasa, iskar ta fito da ƙarar da ta sa wani mai karaya a gadon kusa ya yi salati. Cikin ya sace. Ba murɗewa ba ce. Aka rubuta ta a ƙarƙashin Q, Hafsatu ta biya daga aljihunta, har da kuɗin robar. Da muka dawo unguwa, masu zaman bakin masallaci suka ce, "Mace ko namiji?" Ni na fara dariya. Ni na ba su amsa ma, na ce iska aka haifa, tana nan tana gaishe su.

Iro bai yi dariya ba. Ya ce, "Bawa, ba zan sake zuwa a dawo da ni ba."

Sai watan Cika-ciki ya kama. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san ranar tara ga wata ana azumi, da magariba kuma a ci a ƙoshi har wuya, wai wanda bai cika cikinsa ba a ranar haka zai ƙare shekara. Lokacin ne kuma ɗan mace yake zuwa karɓar kuɗin shara wurin ɗan namiji. Tun muna samari ban taɓa fashi ba. Na je da tsintsiyata ta wasa, na tarar da shi a zaure, ya yi azumi, mutumin da likita ya ce ya riƙa cin abu kaɗan-kaɗan da ruwa da yawa. A gabansa an jera tuwon dawa, dambu, wake da ƙashin bindin ragon layya da aka ɓoye tun babbar salla.

Laure tana bakin ƙofa tana cewa, "Malam, don Allah. Koko aka ce."

Ya ce, "Yau Cika-ciki. Ko likita uwarsa ta dafa masa." Ya dube ni. "Bawa, zauna. Miƙo min waken nan."

Na san abin da yake yi. Laure ma ta sani, shi ya sa ta koma ciki. Na miƙa masa waken. Na ce, "Ci, Ubangida, kai da ke da ɗakin ajiya biyu." Ya ci kamar mai biyan bashin yunwa, zufa tana zuba, yana tsayawa yana numfashi yana komawa. Da ya gama ya ciro kuɗin shara daga hula, daga gefen katin inshorar, ya jefo min.

Da gari ya waye ciki ya zama ganga. Ba iska, ba komai. Kafin azahar amai ya fara. Duk alamun da likita ya lissafa sun hallara kamar an aika musu goron gayyata. Hafsatu tana waya tana kuka, a tafi da shi yanzu. Laure ta sa mayafi. Iro ya riƙe ƙafar gado.

"Ba yanzu ba. Bari ya murɗe da kyau. In muka je da wuri za su sa roba su ce Q ce."

Laure ta ce, "Malam Sule, ka yi masa magana, kai yake ji."

Na yi masa magana. Na ce, "Gaskiyarsa, a ɗan ba shi lokaci ya nuna." Kamar mangwaro. Haka na ce, kuma duk wanda yake zauren ya gyaɗa kai, don duk sun ga dawowarmu ta ranar Laraba.

Muka ba shi wunin nan. Sai da kashegari ya daina nishi, ya daina zagina, jikinsa ya yi sanyi, sannan muka ɗauke shi, lokacin ba shi da ƙarfin riƙe ƙafar gado.

Ban taɓa ganin asibitin nan ya yi sauri irin na ranar ba. Ba layi, ba benci. Likitan ya taɓa cikin, ya dube ni ya ce, "Baba, tun yaushe?"

Na ce, "Yanzun nan."

Ya ce, "Baba."

Na ce, "Shekaranjiya da dare."

Ya juya yana kiran mutanensa. Kafin a gama tura gadon, amincewar masu inshora ta iso. Malamar taga da kanta ta leƙo ta ce mana an dace.

Sun yanke ɓangaren hanjin da ya mutu, likita ya ce ya yi baƙi ƙirin, kuma dafinsa ya riga ya shiga jini. Iro ya farfaɗo a rana ta biyu, da robobi a hanci da hannu. Laure tana gefe tana shafa masa ruwa a leɓe. Ya motsa baki, na kai kunne.

"Bawa. Wace lamba?"

Na ce, "K, Ubangida. Babba, mai kyau. Har gado sun biya."

Ya lumshe ido ya ce, "To, mun ci su."

Bai sake magana da ni ba. Ranar Juma'a da hantsi ya cika. Ba a karɓi ko sisi a hannunmu ba, har ruwan da aka ƙara masa. Ina gode wa likitan nan da nas ɗin da ta rufe masa ido, ina gode wa Hafsatu da har yau take gaishe ni in mun haɗu, ko da yake daga nesa.

A zaman makoki aka shimfiɗa wa Inna Dije tabarma a soron ciki, muryarta tana fitowa har waje. Duk wadda ta shigo sai ta ce mata, "Tun ranar suna yake fama, ni na sa masa sabulu." Mata su ce Allah sarki, bawan Allah ya ga jarrabawa. Liman ma da ya ji, ya ce doguwar jinya kankarar zunubi ce, wanda ya shekara sittin yana ciwo ya tafi a wanke. Jama'a suka ce amin da ƙarfi. A nan dai tsohon ciwon ya karɓu, ba wanda ya ce ba ya cikin tsari.

Wani baƙo daga Wusasa, wanda Iro ya taɓa yi wa ɗinki, ya zauna kusa da ni ya yi min gaisuwa. Ya ce, "Malam, ya daɗe yana jinya ne?"

Na ce, "A'a, sabon abu ne. Akwai takarda."

Allah ya jiƙan Iro, ya sa ya huta. Ku kuma masu rakiya, in likita ya ɗauki biro, ku janye ƙafarku daga kan ta mai ciwo.